Mira Nakashima, macen da ke saida tebur da tsagarsa

A watan Disamba na shekarar 2006, a gidan gwanjon Sotheby's da ke birnin Niyu Yok na ƙasar Amurka, an saida wani teburin cin abinci ƙwaya ɗaya tak a kan dala 822.400. Ƴan kasuwa su lura, ba dalarmu ta tamma biyar a ke nufi ba. Dalar Amurka ce, kuma in aka juya ta da canjin wancan lokaci, kuɗɗin sun haura miliyan 400 na sefa. Da irin wannan kuɗɗi mutum na iya gina gida, ya cika mangaza da shinkafa, ya kuma yi saura.

Abin mamakin shi ne kamannin teburin. Babu zinariya a jikinsa, babu madubi, babu fenti mai ƙyalli. Bakinsa a karkace ya ke kamar yadda iccen ya girma, samansa kuma ga ramuka ga tsage-tsage. Da kafintan unguwa ne ya kawo ma mutum irinsa, ranar sai an raba faɗa, a ce ya kwashe kayansa ya maido kafin alƙalami.

Wanda ya yi teburin, George Nakashima, ya rasu shekara 16 kafin ranar gwanjon. Amma shagon da teburin ya fito bai rufe ba. Ɗiyarsa Mira Nakashima ce ta riƙe shi tun 1990, a wani ƙaramin gari mai suna New Hope cikin jihar Pensilbaniya, kuma da hanyar da a ke bi tun farko: ba a tilasta ma katako ya zama teburin da mai saye ya zo da shi cikin kansa, katakon ne ke faɗin irin teburin da zai fito.

Sana'ar da aka koya a tsare

An haifi George a 1905 a garin Spokane na Amurka, iyayensa kuma ƴan Japan ne da suka zo ci-rani suka zauna. Zanen gine-gine ya karanta, ya gama babbar makarantar MIT a 1930. Ya yi aiki a Tokiyo ƙarƙashin wani mai zanen gine-gine da a ke kira Antonin Raymond, wanda ya tura shi Pondicherry a ƙasar Indiya ya tsaya kan wani gini. Da ya komo Amurka ya yi aure, sai ya fara aikin katako a birnin Seattle.

Ba a jima ba yaƙi ya same su. Ranar 7 ga Disamba 1941 Japan ta kai hari a Pearl Harbor, a watan Fabrairu na 1942 kuma shugaba Roosevelt ya sa hannu kan dokar da ta ba soja damar kwashe mutane masu asalin Japan daga gaɓar yammacin ƙasar. Kimanin mutum 120.000 aka tsare, mafi yawansu ƴan ƙasa ne haifaffun Amurka. Mira tana jaririyar ƴan makonni aka ɗauke ta da uwayenta, daga baya aka kai su sansanin Minidoka a jihar Idaho, wuri mai ƙura da sanyi, kewaye da waya.

A can George ya gamu da wani kafinta da ya koyi aikinsa a Japan, Gentaro Hikogawa. Babu katakon kirki a sansanin, sai guntaye da abin da aka tsinto. Da su ya koyi yadda a ke wasa kayan aiki na hannu, da yadda a ke sarƙa katako da katako su kama juna. A 1943 tsohon maigidansa Raymond ya tsaya masa aka sake su, ya kai su gonarsa a New Hope, inda mai digirin MIT ya koma kiwon kaji. Daga baya ya samu ɗan fili ya biya da aikin hannunsa, ya gina gida da shago. Sannu a hankali suna ya fita. A 1973 gwamnan jihar Niyu Yok, Nelson Rockefeller, ya ba shi aikin kaya 200 domin gidansa.

Cikin ƙurar wannan shago Mira ta tashi. Ta gama jami'ar Harvard a 1963, ta wuce jami'ar Waseda a Tokiyo ta yi babban digiri kan zanen gine-gine, a 1970 kuma ta komo gida ta shiga aiki. Shekara 20 ta yi ƙarƙashin ubanta, tana zane, tana lissafin awo, tana bin sa mangazar katako. Uban mutum ne mai tsauri, ita da kanta ta sha faɗi cewa ya kore ta aiki ba sau ɗaya ba. Duk ɗiyar da ta taɓa zama bakin rumfar uwarta ko shagon ubanta ta san irin wannan kora, wadda a ke yi da yamma, da safe a tambayi ina take.

Ranar da masu ba da aiki suka janye

George ya rasu a watan Yuni na 1990 yana da shekara 85, ya bar aikin mutane da zai kai wajen shekara ukku ba a gama ba. A ido wannan arziki ne. To amma da labarin rasuwar ya bazu, da yawa daga cikin waɗanda suka ba da aiki suka janye, sababbi kuma suka ƙi zuwa. A ganinsu hannun tsoho suka biya, tsoho kuwa ya tafi. Ba su tuna cewa shekara da shekaru ma'aikatan shagon ne ke yanka da sarƙawa da gogewa ba, shi kuma yana zaɓen katako yana zane, ɗiyarsa na gefensa.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga ɗan kasuwa. Amana jikin mutum ta ke liƙewa, ba jikin rumfa ba. Mai shago na rasuwa, mai bin sa bashi ya iso tun ba a watse zaman makoki ba, abokin ciniki kuma ya zame ya koma maƙwabta. Ga shi magajin mace ce, mai shekara 48, wadda sunanta bai taɓa fita kan kaya ba.

Abu biyu suka taimake ta. Na farko wata masifa ce da ta samu wasu. A 1989 gobara ta cinye gidan wani likita da matarsa a jihar New Jersey, gidan da ke cike da kayan Nakashima fiye da 100 da suka tara cikin shekaru. Suka ba da aikin a sake masu, George ya fara, bai gama ba ya rasu, Mira ta ƙarasa. Wannan aiki ya riƙe ma'aikata lokacin da babu na wani. Na biyu, a 1993 ta tsara wani ɗakin karatu domin tunawa da ubanta a gidan tarihi na Michener da ke Doylestown, kusa da garinsu. Jama'a suka shiga suka ga sabon aiki da idonsu, suka tabbata shagon na da rai. A ƙarshen shekarun 1990 ta fito da nata zane-zanen, ta sa masu suna Keisho, kalmar Japananci mai nufin ci gaba da abin da aka gada. A 2003 ta yi kujerar Concordia domin wasu makaɗa da ke buƙatar wurin zama da ba ya tare masu hannu, a shekarar kuma ta wallafa littafi kan rayuwar ubanta da aikinsa.

Yadda tebur ke fitowa

Aikin tebur a wannan gida ba ya farawa da takarda. Da gungumen icce ya ke farawa. Wanda suka fi aiki da shi shi ne baƙin walnat na Amurka, icce mai tauri, cikinsa duhu kamar gasasshen kofi, gefensa kusa da ɓawo kuma fari-fari. Sun fi neman tsofaffin itatuwa da suka kai ƙarshen rayuwarsu, ko waɗanda iska ta kayar, ko aka sare domin wani dalili. George kan ce yana ba iccen rayuwa ta biyu ne.

Wurin yanka nan ne a ke ci ko a faɗi. George na kwatanta shi da yankan lu'ulu'u, domin in zarto ya bi ta inda bai kamata ba, zanen da iccen ya yi shekara 100 yana tarawa cikinsa ya lalace, kuma ba ya gyaruwa. Masana'antar katako ta yau da kullum na datse gefen gungume huɗu ta maida shi mai kusurwa, ta zubar da bakin, domin ta samu alluna miƙaƙƙu masu awo ɗaya. Su a nan daga wannan gefe zuwa wancan a ke yanka shi, allo bayan allo, kowane da bakinsa na asali. Sai a jera su bisa tsarin da suka fito, a sa ƴan sanduna tsakani domin iska ta ratsa.

Daga nan sai jira. Ƙa'idar masu katako ita ce kowane santimeta biyu da rabi na kauri na son wajen shekara guda a iska, sannan a ƙarasa busar da shi cikin ɗaki mai zafi. A mangazun New Hope akwai dubban alluna, wasu George ne ya saye su da kansa, sun yi shekaru gommai suna tsaye ba a taɓa su ba. Ɗan kasuwa zai ce kuɗɗi sun kwanta, kuma gaskiyarsa. Jari ne da ba ya juyawa, ga haɗarin gobara, ga ƙwari. Sai dai wannan kwantaccen jari shi ne ainihin dukiyar gidan, domin kafintan da zai kwaikwayi zanensu cikin mako guda ba ya iya kwaikwayon allon da ya yi shekara 40 yana jiran mai shi. Manyan itatuwan walnat kuma ba ƙaruwa su ke ba. A 2011 ma an gano wata cuta mai kashe su, wadda wani ɗan ƙwaro ke yaɗawa, a gundumar Bucks inda shagon ya ke.

Mai son tebur zuwa ya ke yi, ko ya aiko da bayani: mutum nawa ke ci a gidan, yaya girman ɗakin, wace irin kujera za a sa. Sai a shiga mangaza a jawo alluna ɗaya bayan ɗaya. In an dace da wanda ya yi, Mira ta ɗauki alli ta zana a jikin allon inda za a yanke da inda za a bari, a rubuta sunan mai shi a kai, sannan ta zauna ta zana wannan allo a takarda da fensir, da karkatarsa da tsagarsa da duk wani ƙulli da ke jiki. Wannan zane a ke aika ma mai saye ya amince kafin zarto ya taɓa katakon. Daga nan ya jira watanni, wani lokaci fiye da shekara.

Teburin cin abinci na son faɗi, wajen mita guda, kuma ba kowane icce ke ba da allo ɗaya mai wannan faɗi ba. Dabarar da su ke yi ita ce a ɗauko alluna biyu da suka fito jere da juna daga gungume ɗaya, a buɗe su kamar yadda a ke buɗe littafi. Zanen da ke dama sai ya zama tagwayen na hagu, kamar mutum da hotonsa cikin madubi. Wani lokaci ma ba a haɗe su ruf, a kan bar ɗan siririn fili a tsakiya.

To me ke riƙe su? Nan ne alamar gidan ta ke, ɗan guntun katako mai faɗin kai biyu da siririn ƙugu. Turawa na kiransa da sunan malam-buɗe-littafi saboda kamar fukafukansa, amma wanda ya san kalangu ya riga ya san siffarsa. A kan sassaƙa masa gurbi daidai jikinsa, rabi a wannan gefen tsaga rabi a wancan, a danna shi ciki da danƙon liƙi, jijiyarsa a gicciye da ta allon. In tsagar ta so buɗewa, kawunan nan biyu masu faɗi su riƙe ta. Dabarar tsohuwa ce, masassaƙan Masar ta zamanin Fir'auna ma sun yi aiki da ita. Abin da gidan Nakashima ya ƙara shi ne fito da ita fili. Maimakon a ɓoye gyaran a ƙarƙashi, sai a yi shi da icce mai wani launi, a ɗora shi a saman tebur inda mai cin abinci zai gan shi ya shafa. Ina za a sa, guda nawa, wane girma, wannan hukunci na mai zane ne, kuma nan a ke gane ido. In sun yi yawa tebur ya koma kamar rigar da ta sha faci.

Akwai kuma abin da duk mai ƙofar katako ya sani: da damina ƙofa ta kumbura ta ƙi rufuwa, da hunturu ta saki har haske na shiga. Katako ko ya bushe bai daina motsi ba. Saman tebur mai faɗin mita guda na iya ƙaruwa ko raguwa da kusan santimeta ɗaya tsakanin lokacin laima da na bushewa. In aka ɗaure shi tam da ƙafafu, shi zai nema ma kansa hanya, ya tsage ko ya bankare. Shi ya sa masu wannan aiki ke yin ramin kusa mai murɗi da ɗan tsawo a sandunan da ke ƙarƙashi, domin allon ya samu wurin numfashi. Teburori da yawa da ke tsagewa shekara guda bayan saye, ba mugun katako ba ne, ɗanyen katako ne da aka ɗaure da ƙarfi.

Ƙafafu da gwiwa

Saman tebur na icce ne, ƙafafun kuwa na mai zane ne, kuma nan karatun gine-gine na Mira ke aiki. Tsayin teburin ci bai cika wuce santimeta 72 zuwa 75 ba, kowane mai ci kuma na son wajen santimeta 60 na bakin tebur domin kada gwiwar hannu ta bugi ta maƙwabci. Wannan kowane kafinta na iya haddace shi. Wuyar ita ce allon da ba shi da kusurwa huɗu, gefe ɗaya ya fi faɗi, gefe ɗaya ya fi nauyi. In aka sa ƙafa a inda aka saba, ko tebur ya rinjaya in yaro ya dafa bakinsa, ko wanda ya zauna a lungu ya ci abinci da ƙafar tebur tsakanin gwiwoyinsa.

Saboda haka yawancin teburorinsu ƙafafun a ciki su ke, nesa da baki, miƙaƙƙu marasa ado, domin ido ya tsaya kan allon. Kowane irin gindi da sunansa. Akwai Conoid, sunan wani ɗakin aiki mai lanƙwasasshen rufi da George ya gina a ƙarshen shekarun 1950. Akwai Minguren, sunan wata ƙungiyar masu sana'ar hannu ta Takamatsu a Japan da ya yi hulɗa da su. Akwai Frenchman's Cove, sunan wani wurin shaƙatawa a Jamaika. Sunan ɗaya ne, amma awon sai an sake lissafa shi ga kowane allo. A zane-zanen Mira na kanta an fi ganin ƙafafu masu karkata da ƙarfin hali fiye da na ubanta.

Ƙarshen aiki mai ne, ba fenti ba. Man wani icce da a ke kira tung a ke shafawa da hannu, a bari ya sha, a goge, a sake, sau da yawa. Mai na shiga cikin katako, fenti mai ƙyalli kuwa kwanciya ya ke a sama kamar leda. Gaskiya ne teburin mai ya fi saurin nuna tabon kofi mai zafi ko na ruwa, kuma yana son a riƙa sabunta masa man. Amma in ya ƙarje ana iya goge wurin a shafa, ba sai an kankare tebur duka ba. George bai ɗauki tabo abin baƙin ciki ba. Ɗansa Kevin, ƙanen Mira, yana yaro ya sha ƙwanƙwasar kayan gidan yana bar masu shaida, uban kuma ya ƙirƙiro kalma daga sunan yaron yana kiran wannan aiki da ita, yana cewa ƙarin kyau ne. Uwar gida mai ƴaƴa shidda na iya samun wani ra'ayi daban.

Abin da za a iya faɗi a kansu

Ba komi ne abin yabo ba. Wannan kaya na masu hali ne ƙwarai, ko a Amurka. Mutumin da ya koyi sana'a da guntayen katako a sansani, yau teburinsa sai gidan attajiri ko gidan tarihi. Kuma har yanzu a wurin gwanjo abin da George ya yi ya fi na ɗiyarsa tsada, ko da iccen ɗaya ne, ma'aikatan ma wasunsu su ne dai. Kasuwa na biyan suna da mutuwa. Wasu kuma na ganin Mira ta tsaya kusa da inuwar ubanta fiye da kima. A ganina wannan zargi bai yi adalci ba. Wanda ya gaji shago da ma'aikata da iyalansu a lokacin da masu ba da aiki ke gudu, ba ya da damar rushe komi domin a ce masa gwani.

Masu kwaikwayo kuwa sun cika duniya. Tun shekarun 2010 teburin da aka bar ma bakinsa na asali ya zama yayi, ana ganin hotunansa a Facebook da Instagram, wasu har da narkakken roba mai shuɗin launi da a ke zubawa cikin tsagar ta zama kamar gulbi. Da yawansu allo ne kawai da bai gama bushewa ba, aka ɗaura masa ƙafafun ƙarfe. Karkataccen baki shi kaɗai ba ya maida katako abin kallo.

Teburori mafi girma da gidan ya yi ba na cin abinci ba ne. A shekarun 1980 George ya samu wani ƙaton iccen walnat, ya yi niyyar kowace nahiya ta samu tebur guda domin addu'ar zaman lafiya, kowane ya haura mita ukku. Na farko an ajiye shi a babbar majami'ar Saint John the Divine ta Niyu Yok a 1986. Bayan rasuwarsa Mira ta yi na biyu a 1995, wanda ke birnin Mosko na Rasha, da na ukku da aka kai Auroville a Indiya a 1996. A 2014 gomnatin Amurka ta sa gidan da shagunan New Hope cikin wuraren tarihi na ƙasa.

Da ya ke kuɗɗin kayan sun kai inda suka kai, jabu ma ya shigo. George ya daɗe ba ya sa hannu a kan abin da ya yi, sai a ƙarshen rayuwarsa. Abin da a ke dubawa shi ne sunan mai saye da aka rubuta da baƙin alƙalami a ƙarƙashin allo tun yana mangaza, sannan a koma ga katunan ciniki da shagon ya adana shekara da shekaru, masu ɗauke da sunan wanda ya ba da aiki, da ranar, da irin kayan. Mai gwanjo a Niyu Yok ko Paris da ke son tabbatar da tebur kafin ya buga guduma, New Hope ya ke aikawa a binciko masa katin. Kayan da ke fita daga shagon tun da Mira ta karɓe shi kuwa, ana juya su a sa hannu a ƙarƙashi, a rubuta kwanan wata.